Hasumiyar da na ɗauka ta masallaci ce a Guangzhou

Zuwana birnin Guangzhou na ƙasar Sin na uku ke nan, amma ban san komai na garin ba in ban da otal ɗina a unguwar Xiaobei, da kasuwannin kayan waya, da wajen masu loda kwantena. A wannan karon kayana suka makara a masana'anta, aka ce in jira kwana huɗu. Zama ya ishe ni. Sai na tuna wani Alhaji abokin cinikina ya taɓa ba ni labarin tsohon masallacin Huaisheng, ya ce in na shiga tsohon gari in ɗaga kai kawai, hasumiyarsa za ta kai ni.

Na sauka daga jirgin ƙarƙashin ƙasa a tashar Gongyuanqian, na kutsa cikin lunguna, na ɗaga kai kamar yadda aka ce. Ga hasumiya can, doguwa, ja da fari, kowane hawa da rufinsa mai lanƙwasasshen baki. Na bi ta ina murna. Sai da na iso bakin ƙofa hayaƙin turaren tsinke ya buge ni, na hango wani mutum da askakken kai cikin doguwar riga ruwan toka, sannan na gane ba masallaci na zo ba. Wurin bautar mabiya addinin Buddha ne, sunansa Liurong.

Na yi tsaye na ɗan lokaci ina shawara da zuciyata. In juya ne ko in shiga? Na ce ai kallo ba bauta ba ne, kuma wanda ya ƙetare teku neman halal bai kamata ya koma gida bai san yadda masu masaukinsa suke rayuwa ba. Na yi bisimilla na shiga.

Kuskurena na farko, na sunkuya zan cire takalmi. Wata tsohuwa da ke shara ta yi ta kaɗa mini hannu tana dariya. Ashe su da takalmansu suke shiga. Abin da suke kiyayewa shi ne dokin ƙofa: katako ne mai tsayi, ba a taka shi, tsallake shi ake yi. Wannan bai ba ni wuya ba, don mu ma tun muna yara ake kwaɓar mu kan zama a dokin ƙofa.

Sai maganar turare. Wata mata ta miƙo mini tsinke uku, irin wanda kowa ke kunnawa ya sunkuyar da kai ya soke a wani babban kaskon tagulla a tsakar gida. Nan ne na ji gabana ya faɗi, don ba na son in karɓa, ba na kuma son in ci mata fuska. Na dafa ƙirji na ɗan girgiza kai ina murmushi. Ta dubi hulata, ta gyaɗa kai, ta miƙa wa na bayana. Shi ke nan. Duk fargabar da na shigo da ita a kan wannan ce, ta kuma ƙare cikin ƙiftawar ido.

Wurin ba shi da wani girma, minti goma ya isa mutum ya zagaye shi. Shekarunsa ne suka girgiza ni. An kafa shi a shekarar 537, zamanin daular Liang, wato shekara talatin da 'yan kai kafin haihuwar Manzon Allah (SAW). Gobara ta taɓa cinye shi aka sake ginawa, hasumiyar da ta ruɗe ni kuma an tsayar da ita a siffarta ta yanzu a 1097. Kusurwa takwas gare ta, tsayinta ya haura mita 57. Daga waje hawa tara za ka ƙirga, amma ta ciki goma sha bakwai ne. Suna kiranta hasumiyar fure saboda rufin kowane hawa ya buɗe kamar furen da ya tsattsage.

Sunan wurin ma da labarinsa. Liurong na nufin itatuwa shida na wani iri da ya yi kama da cediyarmu, mai saiwoyi suna reto daga rassa. Wani shahararren marubucin waƙoƙi, Su Dongpo, ya yada zango a wurin a shekarar 1100, ya ga itatuwan shida, ya rubuta kalmomin biyu da hannunsa, suna ya bi wurin. Waɗancan itatuwan sun daɗe da mutuwa, sunan ya zauna, kamar dai unguwanninmu da ake kira da sunan wata kuka ko rijiya da babu wanda ya taɓa gani cikin masu rai.

A babban ɗakin akwai mutum-mutumin Buddha guda uku na tagulla, a zaune, kowane ya kai mita shida, an zuba su a 1663. Daga bakin ƙofa na tsaya. Mutane na durƙusawa a kan matasai suna kai goshi ƙasa, ni kuwa na koma gefe don kada in gitta gabansu, tunda na san yadda nake ji in wani ya ratsa ta gabana ina salla. Na zaro waya zan ɗauki hoto, wani saurayi ya nuna mini allon da ya hana ɗaukar hoto a cikin ɗakin. Na mayar da ita aljihu da kunya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne zagayen hasumiya. Na ga tsofaffi suna kewaya ta a natse, wasu da carbi a hannu, bakinsu na motsi. Ni da na je duba ginin ta baya, ƙafata da kanta ta ɗauki hanyar da ta saba a ɗawafi, na sa ginin a haguna. Sai ga ni ina karo da mutane fuska da fuska. Su a dama suke sa shi, suna bin yadda hannun agogo ke tafiya. Na fice daga layin na koma kan wani benci a inuwa, na yi kusan rabin awa ina kallon su. Babu wanda ya tambaye ni me na zo yi.

Da azahar ta gabato na nuna wa mai gadi hoton masallacin a waya. Ya fito har titi ya nuna mini kudu da hannu. Tafiyar ba ta fi minti goma sha biyar ba. Hasumiyar Huaisheng ashe gajeriya ce a kan waccan, kimanin mita 36, mulmulalliya, ruwan toka, babu ado ko kaɗan, shi ya sa dogayen gidaje suka ɓoye mini ita. Musulmin garin suna danganta ginin masallacin ga Sahabi Sa'ad bin Abi Waƙƙas, har akwai kabarin da suke cewa nasa ne a arewacin birnin, kodayake mu a littattafai mun karanta cewa a Baƙi'a aka binne shi. Ban tsaya jayayya da kowa ba. Na yi alwala, na bi sahu tsakanin wani dattijo Basine da wani ɗan Mali, rigata tana ta ƙamshin turaren maƙwabta.