Sitiyarin su Abba

Yau da sanyi muka tashi, hazo ya rufe gari ko dutsen Dala ba a hangowa. Ummi ta ƙi wanka sai da na dafa ruwa. Na je Kwari karɓo ankon bikin Zee, wai kala ɗaya ta ƙare sai Litinin. To.

Ina cikin adaidaita wajen Ƙofar Mata sai ga kiran ƙanena Abba ta WhatsApp, tunda suka bar Las Palmas ta tsibiran Kanari a jirgin ruwan nan mai ƙyalle da iska ke turawa fa ba mu ji muryarsa ba sai ɗan saƙon nan na lafiya lau muke. Na ce kai ba ka ce min sai tsibirin Sen Lusiya can Karebiyan ba, mil 2,700 na teku ba tsayawa? Ya ce a'a Yaya, muna Mindelo a tsibiran Kef Verde, can daura da Senegal, mun ratse gyara. Gyaran me? Wai sitiyari ne ya tsinke. Haka ya faɗa fa, ko a jikinsa.

Ina isa gida na sake kiransa na ce sai ya yi min dalla-dalla. Cikin dare ne, shi ke tuƙi, iska na turo su ta baya, kawai ya ji sitiyarin ya saki a hannunsa yana juyawa shi kaɗai kamar keken ɗinki in bel ya tsinke, jirgin ya karkace ya ba igiyar ruwa gefe, ƙyallen sama na ta bugawa, ruwa na watso musu. Ashe sarƙa ce a cikin sitiyarin, ta haɗu da wayar ƙarfe da ta bi ta ƙasa har kan sandar da ke riƙe da allon nan na cikin ruwa mai juya jirgi. Wayar ce ta yi ta cinyewa silli-silli inda take guga, ba wanda ya leƙa.

Suka fara rage ƙyalle, sannan mai jirgin ya buɗe wani murfi a baya suka zura bututun ƙarfen da ake ajiyewa don irin wannan rana, kai tsaye a kan sandar. Da shi suka kwana tuƙi da ƙarfin damtse, ana karɓa-karɓa, saboda nauyi har sai da suka ɗaura masa igiya dama da hagu. Da gari ya waye Abba aka tura ramin baya tunda shi ne siriri, kai a ƙasa, tocila a baki, sifana na zamewa, ya cire wayar ya sa wata igiya mai ƙarfin gaske, wai Dyneema, a madadinta. Ta riƙe, sai dai tana saki ana sake ɗaurewa, a haka suka lallaɓa har tudu.

Na ce ba manyan dabbobin tekun nan ba ne, oka, da tun 2020 suke far wa jirage wajen Jibralta, tsakanin Sifen da Maroko, suna karya allon? Ya ce a'a, ai da allon ne da magana ta yi tsawo, waya mai sauƙi ce.

Sai kuma ya rage murya, Yaya don girman Allah kar ki gaya wa Hajiya.

Wannan ce ta tsaya min a rai har yanzu. Bayan magariba na shiga gaishe ta tana kan darduma, ta ce kin ji daga autana? Na ce eh Hajiya, sun yada zango a wani tsibiri, yana gaishe ki. Ta ce alhamdulillahi, ta ci gaba da jan carbi. Ni kuwa tuwon ma na kasa ci. Matar da duk Juma'a sai ta ba da sadakar waina saboda yaron nan, a ce ya kwana yana kokawa da ƙarfe a tsakiyar teku ita ba ta sani ba? Na san hawan jininta, na san dalilinsa, amma uwa ce, tana da haƙƙin ta san me take roƙa masa. Kuma fa sauran tafiyar ta fi wadda suka yi nisa, daga Mindelo ba wani tudu sai sun ƙetare Atlantika.

Baban Ummi ya ce ba bakina ya kamata ta ji ba, nasa. Na yarda. Na tura wa Abba cewa ya kira ta da kansa kafin a ɗaura sabuwar waya su tashi, in ba haka ba zan faɗa wa Yaya Sani. Ya buɗe, bai ba da amsa ba.

An kawo wuta, bari in goge kayan makarantar Ummi.