Rabin abin da ya rage, ba rabin na farko ba

Duk wanda ya jima yana gyara takardun ƴan ajin ƙarshe na lise a Maradi, masu shirin BAC, ya san inda lissafin sinadarai masu fitar da tururin nukiliya ke kayar da yara. Ba rashin haddar ƙa'ida ba ne. Kansu ya saba da ragewa irin ta rumbu: a ɗebi tiya biyu yau, biyu gobe, har gero ya ƙare. Nan kuwa kowane wa'adi rabin abin da ya saura ne ke tafiya.

A ɗauki sinadarin iyode-131, wanda wa'adin rabinsa kwana 8 ne, wato duk kwana 8 rabin abin da ke nan ke rikiɗewa ya zama wani sinadari. An ajiye miligiram 80, nawa zai rage bayan kwana 24? Kafin a taɓa na'urar lissafi, a nemi yawan wa'adin: 24 ÷ 8 = 3. Sai a sauko: 80, 40, 20, 10. Wani yaron zai ce ai tun kwana na 16 ya ƙare, tunda rabi da rabi ɗaya ne. Wani zai raba 80 da 6, don ya ɗauki 2³ a matsayin 2 × 3, alhali 8 ne. Akwai kuma wanda lissafinsa daidai, amma an tambaye shi nawa ya rikiɗe, ya rubuta 10 maimakon 70. Wannan ya fi ban haushi.

Inda ake gane wanda ya fahimta shi ne kwana 12. Wa'adi ɗaya da rabi ke nan, sai hannu ya yi saurin rubuta 30, tsakiyar 40 da 20. Kuskure ne. Raguwar ta fi sauri a farkon wa'adi, lokacin da sinadarin ke da yawa, don haka amsar tana ƙasa da 30: 80 ÷ 2^1,5, wajen 28,3. In lokacin ake nema, t = T × ln(N₀/N) ÷ ln2, inda T shi ne wa'adin rabi, N₀ yawan farko, N abin da ya rage, ln kuwa logaritim; kuma ln2 kusan 0,693 ne. Amma in rabon ya faɗo kan 2, 4, 8 ko 16, a bar logaritim ya huta. Ƙashin da karbon-14 ɗinsa ya koma kashi ɗaya cikin huɗu ya yi wa'adi biyu: 2 × 5730, shekara 11460. Yuraniyom-238 irin na Arlit kuwa wa'adinsa wajen shekara miliyar 4 da rabi ne, shi ya sa ba a ba da misalinsa da kwanaki.

Ma'auni ma tarko ne. Teknesiyom-99m na asibiti wa'adinsa awa 6. In tambaya ta ce kwana ɗaya, a maida shi awa 24 tukuna, wa'adi 4, saura 1/16. Haka awa 1 da minti 30 ba 1,30 ba ce, 1,5 ce.

Wannan gaggawar ta neman tsakiya ita ce dai ke ɓata lissafin gudu. Mota ta tashi daga Maradi zuwa Tasawa, a ce kilomita 120, tana gudun 60 a awa, ta dawo da lodi tana 40. Kusan ajin duka 50 za su ce. To, zuwa awa 2, dawowa awa 3, kilomita 240 cikin awa 5, wato 48. Motar ta fi daɗewa a kan ƙaramin gudun, shi ya ja amsar ƙasa.

Na famfo biyu ya fi sauƙin kamawa. Ɗaya na cika tanki a minti 20, ɗayan a minti 30. Ba mintocin ake haɗawa ba, aikin minti guda ake haɗawa: 1/20 + 1/30 = 1/12, wato minti 12. Wanda ya samo 25 ko 50, a tambaye shi yadda aka yi famfo biyu suka fi guda ɗaya jinkiri.