Yadda Na Gwada Rage Ƙiba da Nonon Tsala

Lokacin da likita ya umarce ni da in rage nauyi saboda hawan jini, shawarar da na fi ji daga bakin abokai ita ce in dage da shan madara maras maiƙo, wai sinadarin kalsiyam da ke cikinta yana narkar da kitsen ciki. Asalin wannan magana daga Amurka take, inda wani masani na Jami'ar Tennessee, Michael Zemel, ya wallafa bincike a 2004 yana cewa masu rage abinci da ke shan madara sau uku a rana sun fi sauran zubar da kitse. Mutanen da ya gwada ba su da yawa, kuma ƙungiyar masu sana'ar madara ce ta ɗauki nauyin aikin. A 2007 masu sana'ar suka janye tallan da suka gina a kan wannan iƙirari, bayan an kai ƙorafi gaban hukumar kula da kasuwanci ta ƙasar. Duk da haka na yanke shawarar gwadawa, domin ko ba komai babban mutum yana buƙatar kimanin miligiram 1,000 na kalsiyam a rana, kofin madara guda kuwa yana ba da wajen 300.

Ban je neman madarar kanti mai tsada ba, tun da yake tsala, wato nonon da matan Fulani suka kaɗe suka kwashe mansa, shi ne madara maras maiƙo ta gargajiya. Kindirmo kuwa da mansa yake, kuma kofin madara mai cikakken maiƙo yana ɗauke da kalori kusan 150, alhali wadda aka yaɗe ba ta wuce 90 ba. Kalsiyam ba a cikin man yake zama ba, saboda haka kwashe man ba ya rage shi. Matsalar da na ci karo da ita a kasuwa ita ce algus: wasu masu sayarwa suna tsinka nonon da ruwa su kaurara shi da garin ƙwame, har sai ka ga ƙwarya cike fal amma nonon cikinta kaɗan ne. Daga baya na koma sayen ɗanyar madara, in tafasa ta don gudun cututtukan da ake ɗauka daga shanu, in bar ta ta huce, in yaɗe maiƙon da ya taru a sama da ludayi, sannan in zuba mata ɗan tsohon nono ta kwana.

Da farko sikeli bai motsa ba ko kaɗan, kuma dalilin a fili yake. Nonon ƙari ne a kan abincin da na saba ci, ga fura dunƙule biyu, ga sukari cokali uku a kowane damu, don haka abin da na rage na maiƙo na mayar da shi ninki ta hanyar gero da sukari. Sai da nonon ya maye gurbin wani abu aka fara ganin canji: na daina shayin safe mai madarar gwangwani da burodi, na koma kofin nono da fura rabin dunƙule ba sukari, na kuma rage tuwon dare tare da yin tattaki bayan sallar La'asar. Amfanin da na tabbatar a jikina shi ne ƙoshi, domin furotin ɗin nono yana riƙe ciki har azahar, kuma na daina neman ƙosai da hantsi. A hankali wandona ya fara yi mini yawa a ƙugu.

Kalsiyam yana da ɗan tasiri na gaskiya, domin yana haɗuwa da wani ɓangare na maiƙon abinci a cikin hanji ya fitar da shi ta bahaya. Masana a Jami'ar Kopenhagen sun ƙiyasta a 2009 cewa abin kimanin giram 5 ne kawai a rana, wato kalori 45 ke nan, wanda cokali uku na sukari ya shafe shi. Nazarce-nazarcen da aka tattara a 2012 su ma sun nuna cewa madara tana taimakawa ne kawai idan mutum ya rage yawan abincinsa gaba ɗaya, kuma hakan ya yi daidai da abin da na gani.

Akwai kuma tarkon madarar gari, wanda mutane da dama ba su lura da shi ba. Yawancin ta ƙananan leda an cire mata man shanu ne aka zuba man kwakwar manja a madadinsa, saboda haka maiƙonta bai ragu ba, kuma sai an karanta bayan leda ake ganewa. Haka yogot ɗin kwalba da aka rubuta wa ƙarancin maiƙo, sau da yawa sukari ne ya cika shi. A ranakun da nono ya yi wuyar samu, musamman da rani lokacin da shanu suka yi nisa, ina cike gurbin kalsiyam da kwaɗon zogale, miyar kuka da ƙananan kifi da ake ci da ƙayarsu.