Abin da Zaman Ofis Ya Koya Mini Game da Tsabtar Baki

Ina aiki a wani ofis a Birnin Kebbi, inda nake karɓar takardun jama'a tun daga ƙarfe takwas na safe har zuwa la'asar, kuma tsakanina da mai buƙata babu abin da ya wuce faɗin tebur. A irin wannan zama ne na gane cewa goge bakin da mutum ya yi da asuba ba ya kai shi yamma, musamman daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin garin nan kan haura digiri 40, maƙogwaro ya bushe, yawu ya ragu. Yawu kuwa shi ke wanke baki, shi ke kuma rage kaifin tsamin da ƙwayoyin cuta ke fitarwa, saboda haka da zarar ya yi ƙaranci sai wari ya taso. Kara ba za ta bar abokin aiki ya faɗa maka ba, iyakarsa ya ɗan ja da baya idan kuna magana.

Darasin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na shayi. Likitocin haƙori sun bayyana cewa duk lokacin da sukari ya shiga baki, ƙwayoyin cutar da ke manne a jikin haƙora sukan mayar da shi tsami, tsamin nan kuma ya shafe kimanin minti 20 zuwa 30 yana cin ɓawon haƙori kafin yawu ya daidaita al'amura. Ke nan wanda ya shanye kofinsa a zama ɗaya ya fi samun sauƙi a kan wanda ya ajiye shi kusa da kwamfuta yana kurɓa kaɗan-kaɗan har azahar, domin kowace kurɓa sabon farmaki ce ga haƙoransa. Haka abin yake ga lemon kwalba, zoɓo mai zaƙi, kunun zaƙi da alewar da ake tsotsa don korar gyangyaɗi. Wannan ya sa na haɗa duk wani abu mai zaƙi da lokacin cin abinci, sauran yinin kuma ruwa ne a gabana. Zoɓo da lemo suna da nasu tsamin da ke tausasa ɓawon haƙori, shi ya sa ake son a kurkure baki da ruwa, a jinkirta buroshi kamar rabin awa.

Mutane da yawa sukan ce ba su da lokacin kula da baki a wurin aiki, ni kuwa ban ga haka ba, domin azahar da la'asar duk a cikin lokacin aiki suke riskarmu, kuma kurkurar baki tana cikin alwala. Hadisi ingantacce ya nuna cewa ba don gudun tsananta wa al'umma ba, da Manzon Allah (SAW) ya umarce mu da yin asuwaki a kowace salla. Asuwaki yana shiga aljihu, ba ya buƙatar famfo, sai dai yana son a riƙa yanke bakinsa idan ya tsufa, a wanke shi, a bar shi ya bushe maimakon a cusa shi a leda da danshinsa. A ganina bai kamata ya hana a goge baki da man goge baki mai sinadarin fuloraid safe da dare ba, minti biyu kowane karo, a haɗa da harshe, inda mafi yawan warin ke kwana.

Sakace ma yana da nasa ladabin. Bayan an ci tsire ko kilishi, akan ga mutum ya ɗauki tsinken ashana ko ƙusar maƙale takarda yana tonon haƙori, alhali hakan yana yi wa dasashi rauni. Tsinken sakace mai tsabta, a hankali, ko zaren sakace da ake samu a wasu kemis, sun wadatar. Masu cin goro kuma su daure su kurkure baki bayan sun gama, kafin jan ya zauna.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda muke jure ciwon haƙori da ƙwayar rage zafi, muna jiran hutun da ba ya zuwa. A rahotonta na 2022, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mutum biliyan 3.5 ne ke fama da cututtukan baki. Jini a jikin asuwaki alama ce ta kumburin dasashi, wanda ke ƙara tsananta ga masu ciwon sukari, kuma ƙaramin kogon da za a iya cikewa yau shi ne ke kai ga cire haƙori idan aka yi jinkiri. Duk wanda ya nemi shawarata a ofis kan irin wannan, nakan ce masa ya nemi izinin rabin yini ya je ya ga likitan haƙori, ni zan riƙe masa teburinsa har ya dawo.