Mita 300 daga akwati: abin da aikin rumfar zaɓe ya koya mini

A zaɓen 2023 ina cikin masu yi wa ƙasa hidima da aka ɗauka aikin wucin gadi, kuma aka ba ni shugabancin wata rumfa a harabar wata makarantar firamare da ke cikin tsohon gari. A lokacin horon da aka yi mana, hankalina gaba ɗaya ya tafi kan na'urar BVAS mai tantance masu zaɓe da yadda ake cike takardar sakamako ta EC8A, domin nan nake tsoron yin kuskure. Da aka zo kan dokar da ta hana yaƙin neman zaɓe a kusa da rumfa kuwa, sai na saurara da kunne ɗaya, ina ganin ai wannan aikin 'yan sanda ne. Ashe ita ce za ta fi cinye mini lokaci, ita ce kuma har yau nake juyawa a raina.

Dokar Zaɓe ta 2022, wadda da ita muka yi aiki, ta ce ana rufe yaƙin neman zaɓe sa'o'i 24 kafin ranar kaɗa ƙuri'a. Sashe na 126 kuma ya zana abubuwan da ba a yi a ranar zaɓe cikin tazarar mita 300 daga rumfa. Ba a roƙon ƙuri'a, ba a zuga wani ya ƙi zaɓen wani ɗan takara ko ya fasa zaɓen baki ɗaya, ba a ɗaga murya da taken jam'iyya, ba a nuna alama ko hoto ko katin jam'iyya, ba a shigowa da mota mai launin jam'iyya ko tambarinta, ba a kunna jiniya, kuma ba a riƙe makami ko yin shigar da za ta firgita masu zaɓe. Haka nan an hana taro da lasifika a kewayen wurin, an hana mutum ya yi ta gararamba babu dalili bayan ya jefa ƙuri'arsa. A dokar ta 2022, hukuncin kowane laifi tarar naira 100,000 ce ko ɗaurin wata 6, wanda ya fizge kayan zaɓe ko ya lalata su kuwa ɗaurin wata 24 ne ke jiransa.

A takarda abin a fili yake. Amma duk wanda ya san tsohon gari ya san mita 300 ba ƙaramin wuri ba ne, domin ya kai kusan tsawon filin ƙwallo uku a jere. Daga ƙofar ajin da muka kafa akwatunanmu, wannan tazarar ta haɗiye masallaci, da teburin mai shayi, da shagon da wata jam'iyya ta mayar ofis, da gidajen mutane barkatai, da wasu rumfunan ma, tun da a 2021 an ƙara yawan rumfunan ƙasar zuwa 176,846, kuma da yawa a cikin birane suna kafaɗa da kafaɗa da juna. Ba ni da igiyar awo, kuma ko da ina da ita ba ni da ikon shiga zauren wani in ce ya sauke hoton da ya rataye. Abin da na gane daga baya shi ne, iyakar da zan iya tsarewa ita ce wadda idona ke kaiwa: layi, da ƙofar makaranta, da wurin dangwalawa.

Kuskurena na farko na yi shi tun kafin ƙarfe takwas da rabi na safiyar 25 ga Fabrairu, ranar zaɓen shugaban ƙasa da 'yan majalisar tarayya. Muna isa na ga bangon ajin cike da fastoci, wasu a kan wasu, sai na kai hannu na yage wanda ya fi kusa da ƙofa, ba tare da na ko duba fuskar da ke jiki ba. Ban kai ga na biyu ba wakilin jam'iyyar ya sha gabana yana cewa, "Malam, da namu aka ce ka fara?" Nan take mutane suka taru, kowa na faɗin albarkacin bakinsa, kuma sai da muka ɓata kusan rabin sa'a ana ba da haƙuri kafin a koma kan layi. Doka tana tare da ni, wannan babu shakka, amma a idon waɗanda ke tsaye na riga na nuna ɓangarena, kuma duk hukuncin da na yanke a wunin nan da wannan idon aka kalle shi.

Da zaɓen gwamnoni ya zo, wanda aka ɗage daga 11 zuwa 18 ga Maris, sai na sauya salo. Kafin in buɗe ko da jaka ɗaya na tara wakilan jam'iyyu da ɗan sandan da aka turo mana, na karanta musu abubuwan da aka hana da Hausa, ɗaya bayan ɗaya, sannan na roƙi kowane wakili ya cire fastar ɗan takararsa da hannunsa. Cikin 'yan mintuna bango ya yi fes, har suna tsokanar juna a kan wanda ya fi ɓarnar sitati. Wani amfanin da ban yi tsammani ba shi ne, daga wannan lokacin kowane wakili ya zama mai gadin ɗan'uwansa, domin wanda aka sa ya cire tasa fastar ba zai zuba ido wani ya ɗaga tuta ba.

Inda abin ya fi wuya shi ne batun alama. Tambarin wasu jam'iyyu a zaɓen na 2023 kayan gida ne: tsintsiya, da lema, da kwandon kayan marmari. Da rana ta take, mata suka fara buɗe lema a kan layi, wani wakili ya zo yana ƙorafi cewa wannan talla ce. Na duba na ga lemomin baƙaƙe ne irin na kasuwa, babu rubutu babu launin jam'iyya, na ce a bar su, domin ba zan hana mai goyo inuwa ba. Haka batun hula. A wasu garuruwa launin hula kaɗai ya isa a san inda mutum ya dosa, alhali dattijo na iya cewa hularsa ce ta kullum, kuma gaskiya ya faɗa. Ƙa'idar da na kafa wa kaina ita ce, abin da ke ɗauke da hoto ko suna ko tambari a cire shi, abin da sai an yi masa fassara kuwa a bar shi, muddin mai shi bai mayar da shi abin nuni ba. Ban ce wannan ita ce fassarar da alƙali zai yi ba, amma ita ce na iya aiwatarwa a kan kowa daidai.

Wata tsohuwa ce ta fi tsaya mini a rai. Ta zo da zanen atamfa mai fuskar wani ɗan takara tun daga ƙugu har idon sawu, ta sha layi fiye da sa'a biyu kafin wani ya lura. Da na matsa na ce, "Baba, wannan zanen ba a shiga da shi nan," sai ta dube ni ta ce, "Ɗana, shi ne sabo a cikin kayana, kuma ai ranar fita ce." Dokar ta hana alamar ne, ba ta ce a tauye wa mai ita ƙuri'a ba, kuma da na ce ta koma gida ta sauya, na san ba za ta dawo ba. Wata mata a bayanta ta ara mata dogon hijabi, ta rufe zanen, ta dangwala, ta mayar wa mai shi a bakin ƙofa.

Duk waɗannan abubuwa ne da ake gani. Ainihin tallar da ke canza ƙuri'a ba ta da fasta kuma ba ta da lasifika, raɗa ce. Mutum zai bi layi kamar mai gaisawa, ya sunkuya ya ce, "Hajiya, a dai tuna da alkawari," ya wuce, kuma ba za ka iya rantsewa a kan abin da ya faɗa ba. A shekarar an yi ƙarancin takardun kuɗi saboda sauya fasalin naira, saboda haka zancen da ake ta yi a layi na taliya ne da sabulu da atamfa, waɗanda in ma ana raba su, to a wani zaure ne can bayan katanga. Ba zan iya bin lungu ba, amma zan iya hana mai saye ganin abin da ya saya. Na juya wurin dangwalawa ya ba taga baya, na matsar da akwati kusa da shi don kada mutum ya yi doguwar tafiya da takarda a buɗe, na kuma tsaya a kan ƙa'idar hana shiga da waya. Idan makaho ko tsoho ya buƙaci taimako, shi ke zaɓen wanda zai raka shi, ban taɓa barin wakilin jam'iyya ya riƙe hannun kowa ba, ko da ya ce kawunsa ne.

Daga baya na karanta cewa a Indiya tazarar mita 100 ce, a jihar Tenesi ta Amurka kuma ƙafa 100 ce kacal, har sai da maganar ta kai Kotun Ƙolin ƙasar a 1992, inda ta amince da ita duk da ƙorafin cewa ta tauye 'yancin faɗin albarkacin baki. A ganina tamu ta yi faɗin da ba a iya tsarewa a cikin gari, kuma da a ce ƙarama ce mai alama a ƙasa da kowa zai gani, da an fi kiyaye ta.

Sauran abin da ya ɗaure mini kai shi ne hanin zama bayan an jefa ƙuri'a, domin mutanenmu sun daɗe da riƙe "a kasa, a tsare, a raka", kuma an yarda mai zaɓe ya jira cikin natsuwa ya ga ƙidaya. Mai jiran ƙidaya da mai jiran ya yi wa wani raɗa duk a tsaye suke, babu bambanci a fuska. Abin da muka yi a ranar ta biyu shi ne, muka ware gindin wata bishiyar darbejiya a ɗaya ɓangaren filin, muka ce duk wanda yatsansa ya sha tawada can ne wurinsa, kada ya sake kusantar layi. Da na ƙarshe cikin waɗanda suka shiga layi kafin a rufe shi da ƙarfe biyu da rabi ya jefa tasa, na kira su suka matso, na juye akwati a kan tebur, na riƙa ɗaga takardun ɗaya bayan ɗaya, su kuma suna ƙirgawa tare da ni da babbar murya.