Jinyar Inna da abin da cutar mantuwa ta yi wa gidanmu

Abin da ya fara ɓata a gidanmu kuɗi ne. Inna takan ƙulle 'yan kuɗinta a bakin zane ko ta cusa ƙarƙashin katifa, an jima ta nema ta rasa, sai ta ce mai ɗakina ce ta ɗauka. Matar da ta riƙe tamkar 'yar cikinta tun ranar da aka kawo ta gidan. Magana ta kai kunnen ƙannena, har wasu suka fara yi wa baiwar Allah kallon da bai dace ba. Daga baya muka riƙa tsintar kuɗin a kwanon daddawa ko cikin takalmi.

Dangi suka rabu biyu: masu cewa gigin tsufa ne a ƙyale ta, da masu cewa jifa ne a nemo mai ruƙiyya. Addu'a kam ba mu taɓa dainawa ba. Amma ranar da ta fita shiga maƙwabta aka tsince ta a wata unguwa ba ta san hanyar gida ba, washegari muka nufi Asibitin Malam Aminu Kano.

Likita ya fara da gwajin jini, domin ƙarancin sinadarin B12 ko matsalar nan ta wuya mai kawo maƙoƙo suna iya kawo mantuwar da ake warkewa. Bayan hoton ƙwaƙwalwa ya ce, "Malam, hawan jinin da ta daɗe da shi ya lalata ƙananan jijiyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwarta." Ya bayyana mana cewa cutar mantuwa iri-iri ce, ta Inna ɗaya ce daga ciki, kuma wadda ta fi yawa ita ce Alzheimer, mai kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari, wadda likitan Jamus Alois Alzheimer ya fara bayaninta a 1906. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu cutar mantuwa a duniya sun haura miliyan 55, fiye da kashi 60 cikin ɗari a ƙasashe irin namu. Babu maganin da ke warkar da ita, sai dai a kula da hawan jinin don a rage mata gudu.

Na tara ƙannena na faɗa musu wannan a gaban mai ɗakina. Zargin sata, in ji likita, yana cikin alamomin da aka fi gani, kuma yakan faɗa kan wanda ya fi kusa da majinyacin. Ina ganin wannan zaman ne ya ceci aurena.

Daga nan muka koyi daina musu da ita. Takan tambayi Malam, mahaifinmu da ya rasu tuntuni. In aka ce mata ya rasu, sai ta fashe da kuka kamar yau aka yi rasuwar, ta manta, ta sake tambaya. Mai ɗakina ce ta gano hanya. Sai ta ce, "Inna, ba ni labarin ranar da aka kai ki gidan Malam." Nan take fuskarta ta saki, ta kawo sunayen ƙawayen amarya ɗaya bayan ɗaya, ita da ba ta tuna ko ta ci tuwon rana. Tsohon abu yakan daɗe bai goge ba, sabon ne ba ya zama.

Gab da magariba ta fi rikicewa, ta ɗaura mayafi ta ce gida za ta tafi. Muna kunna fitila da wuri, a rage hayaniyar yara, a ba ta zogale ta tsinke. Salla kuwa takan maimaita la'asar, ko ta tsaya a tsakiya ta rasa inda take. Limamin unguwarmu ya ce kada a takura mata, an ɗauke alƙalami a kan wanda hankalinsa ya gushe. Wani karo kuma ta ruɗe farat ɗaya fiye da kullum, ashe ciwon mafitsara ne. Irin wannan sauyi na kwatsam asibiti ake kai shi, ba a jira.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda muke barin mace ɗaya da wannan nauyi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mata ne ke yin kashi 70 cikin ɗari na sa'o'in wannan jinya, kuma na gani da idona. Wanka, wankin kayan fitsari, tashin dare, ga girki ga yara. Mai ɗakina ta rame, barci ya ƙaurace mata, masu zuwa dubiya kuwa Inna kawai suke tambaya, su ce "sai haƙuri" su tafi. Haƙuri ba ya hana jiki gajiya.

Yanzu mun raba kwana. Ƙanwata tana zuwa Juma'a da Asabar, ni nake tashin dare in ba aiki washegari, ɗan'uwanmu da yake Legas kuma kuɗin magani da na kunzugun manya suna wuyansa. Mun ɗinka lambar wayata a gefen mayafan Inna duka, an kuma sanar da masu shagunan layinmu cewa in sun gan ta ita kaɗai su zaunar da ita su kira ni.