Ashe intanet ta ƙasan teku take biyowa

Wallahi ni da na ɗauka daga tauraron ɗan adam intanet take saukowa, sai ranar 14 ga Maris 2024, cikin azumi, netwok ya rikice mana, taransifa ta ƙi tafiya, ina tsaye gaban mai POS kamar wanda ya zo roƙo. Na kashe waya na kunna ya fi sau biyar.

Ƙanina da ke karatun kwamfuta ne ya zaunar da ni bayan shan ruwa. Wai saƙon da na tura ba a dunƙule yake tafiya ba, yayyanka shi ake yi ƙanana-ƙanana, kowanne da adireshin IP, wato lambar inda zai je, a jikinsa, daga wayata zuwa ƙarfen sabis na unguwarmu, ya shiga wayar fiba har Legas, sannan ya bi kebul ɗin da aka shimfiɗa a ƙasan teku zuwa Turai. Irin waɗannan kebul ɗin guda huɗu ne suka lalace a tekun wajen Kwaddibuwa, shi ya sa har mutanen Gana da Laberiya suka ji a jikinsu.

Abin da na kasa haɗiyewa har yau, wai kaurin kebul ɗin a tsakiyar teku bai wuce na tiyon ban ruwa ba. Tiyo fa jama'a!